Bareyin da suka rage a kurmin bayan garinmu: yaya zan zana wurin, kuma wa zan kai wa?

Malamin Firamare ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'a. Ina koyarwa a wata firamare a ƙasar Haɗeja, ta wajen Kiri Kasamma, ina kuma taɓa noman rani kamar kowa a nan. Ba zan faɗi sunan garin ba.

Arewa da garinmu akwai wani zirin kurmi da ya raba tudu da fadama. Tsawonsa bai fi tafiyar rabin awa a ƙafa ba, faɗinsa kuwa a wani wurin daga wannan gefe kana jin maganar wanda ke ɗaya gefen. Gawo ne a ciki da magarya da aduwa da bagaruwa, sai sarƙaƙiya a ƙasa wadda ko kare sai ya sunkuya. A cikin wannan ziri ne ragowar barewar yankinmu suke cin rani. Da damina ba ka ganinsu a nan ko kaɗan. Gero ya rufe ko'ina, kowane kududdufi da ruwa, sai su bazu cikin saura da jigayi. Amma da an yi girbi an kwashe kara, an saki dabbobi cikin gonaki, yara sun banka wa ciyawa wuta don neman gafiya, sai duniya ta yi musu ƙunci su tattaro nan. Daga Disamba har zuwa saukar ruwan farko nan ne gidansu.

Ba su da yawa. Abin da idona ya gani a hunturun bana namiji ɗaya ne da mata biyu da ɗan ƙarami, da sanyin asuba ina kan hanyar tayar da injin ban ruwa, hazo ya sauko har ba ka ganin goruba sai ka matso. Suna tsaye ƙarƙashin wani babban gawo suna tsintar 'ya'yansa da iska ta kakkaɓo da dare. Namijin ya ɗago kai, na ga baƙin layin nan na haƙarƙarinsa sarai, ya buga ƙafa sau ɗaya, suka shige duhuwa. Mahaifina yana cewa a ƙuruciyarsu garke-garke ake gani har bakin masussuka.

Abin da ya tayar mini da hankali biyu ne. Masu gawayi sun fara shiga ta gefen yamma, kuma manyan itatuwa suke zaɓa. Na biyu, tun da aka ƙaddamar da shirin noman alkama na rani a Jigawa a ƙarshen 2023, ƙasar bakin fadama ta yi daraja, har wani mai hali daga birni ya zo ya zagaya kurmin da mota, ana cewa yana so a yanka masa ya sassabe. Ba na ƙin alkama, ni ma ita nake ci. Sai dai wurin da yake so shi kaɗai ne wurin da dabbobin nan suke da shi na wata shida.

Tambayata: ina da waya mai nuna taswira, ban da ita ba ni da komai. Ta yaya zan zana wurin nan yadda wanda ke ofis zai ɗauke shi da muhimmanci? Wa zan fara kai wa, dagaci ko ƙaramar hukuma ko ma'aikatar muhalli a Dutse? Kuma akwai inda aka taɓa yin irin wannan ya yi aiki, ko dai ina wahalar da kaina ne?

Ɗalibin Gandun Daji ya amsa:

Wa alaikumus salam Malam. Ba wahalar banza kake ba. Abin da ka lura da shi da idonka, shi ne ginshiƙin aikin da ake yi a ƙasashen sanyi a kan dabbar dawarsu mai kama da barewa, wadda namijinta ke zubar da ƙaho duk shekara ya sake fitar da sabo. Su matsalarsu dusar ƙanƙara ce. A jihohin arewa maso gabashin Amurka kamar Bamont da Men, in dusar ta kai wa dabbar gwiwa, tafiya kanta tana cinye mata kitsen da ta tara. Sai su taru a wasu 'yan kurame masu itatuwan da ba sa zubar da ganye, inda rassa ke tare dusar da iska. Waɗannan wurare ɗan yanki ne kaɗan na dajin, amma in aka sare su, garken duk yankin ne ke raguwa ko da sauran dajin yana nan. Shi ya sa hukumar namun dajin Bamont ta zana su a taswira ɗaya bayan ɗaya, kuma dokarsu ta amfani da ƙasa ta 1970 ta ba da damar a duba irin wannan wuri kafin a ba mutum izinin babban gini.

A jihar Wayomin ta Amurka kuma wani abu suka gano. Sun ɗaura wa dabbobin abin wuya mai aika saƙon inda suke ta tauraron ɗan'adam, sai ga shi wani garke yana tafiyar kusan kilomita 240 tsakanin inda yake cin sanyi da inda yake cin damina, kuma hanya ɗaya suke bi kowace shekara. A kan hanyar akwai maƙura, wuraren da tafki ko shinge ko titi ya matse su. A 2012 har gadoji aka gina wa namun daji a saman wani babban titi a jihar don su riƙa tsallakawa. Darasin da ya shafe ka shi ne kada ka zana makwanci kawai, ka zana hanyar da ke kai su ruwa da kiwo.

Kusa da mu ma akwai misali. Raƙuman dawan Nijar da ke Kure, gabas da Yamai, da damina suna kan tudu, da rani su gangaro kwarin Dallol Bosso su ci gawo a cikin gonakin mutane. A 1996 ba su kai 50 ba, yau sun haura 600, kuma ba a cikin gandun da aka kewaye da waya suke ba.

Game da zanen. Ka sauke Google Earth a wayarka ka nemo kurmin. Ka bi iyakarsa da ƙafa, duk inda ta karya kwana ka tsaya ka ajiye alama, wayar za ta ba ka lambobin wurin. Ka kwafe su a littafi, kada ka dogara da waya kaɗai. In ka samu mai kwamfuta, manhajar tana auna maka hekta, tana kuma da tsofaffin hotuna na shekarun baya. Ka ɗora na da kusa da na yanzu, za a ga yadda kurmin ya ƙanƙance. Wannan hoto biyu ya fi dogon bayani tasiri a ofis. Sannan duk inda ka ga sawu ko kashi ko makwanci, ka ɗauki hoto ka rubuta rana da lokaci. Ka ci gaba har Mayu, domin mafi tsananin lokaci a wajenmu ba sanyin Janairu ba ne, bazara ce, lokacin da ruwa ya janye kuma gawo ya gama zubar da 'ya'ya.

Kana da abin dogaro kuma. Barewa mai jan goshi, wato irin wadda ka gani, tana cikin jerin dabbobin da IUCN, ƙungiyar kare halittu ta duniya, ta ce suna fuskantar barazana. Dausayin Baturiya da ke yankinku yana cikin wuraren yarjejeniyar Ramsar ta kare dausayoyin duniya tun 2008, kuma yana cikin wurare goma da gwamnatin tarayya ta amince a 2020 a mayar da su gandun daji na ƙasa. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta bar ba da izinin filin karkara a hannun ƙaramar hukuma, don haka takardarka dole ta isa can.

Jikan Sarkin Baka ya amsa:

Allah ya gafarta Malam, ni daga Tudun Wada ta Kano nake, gidanmu gidan farauta ne, a bakin Falgore na tashi. Ɗalibi ya yi bayani mai kyau amma ya bar abu mafi haɗari. Taswirar da za ta nuna wa ma'aikaci inda barewa take kwana, ita ce za ta nuna wa mai bindiga. Yanzu kowane yaro yana da waya. Ka sa hoton gawon nan a Facebook da lambobinsa, kafin sati ka ga mota cike da karnuka da masu ganga ta sauka a bakin garinku. Na rantse maka huɗun nan da ka lissafa ba za su kai azahar ba.

Saboda haka ka yi zane biyu. Ɗaya na iyakar kurmin kawai, shi za ka kai ofis. Ɗaya mai makwanci da mashaya, ya zauna a akwatinka, daga kai sai wanda ka amince da shi.

Kuma kada ka ruɗu da takarda. Falgore tun zamanin Turawa yake kan taswira, da iyakarsa da komai, faɗinsa kusan murabba'in kilomita dubu. Kakana ya ga gwanki da ɓauna a ciki da idonsa. Je ka nema yau. Layin da aka ja a takarda bai taɓa tsayar da kare ba. Abin da ke tsayar da mafarauci shi ne kunyar wani babba da yake jin nauyinsa. Kafin ka je wajen dagaci ma, ka nemi sarkin bakan yankinku ko tsohon da mafarauta ke gaisarwa a durƙushe. Ka tafi da goro. Kada ka je masa da maganar haramci, ka je da tambaya, ka ce Baba koya mini. Mu a gidanmu ba a harbin mai ciki ko mai shayarwa, ba a kuma kwanton ɓauna a mashaya da bazara, ana ganin abin kunya ne. Waɗannan ƙa'idoji suna nan a kan tsofaffi, yaran yanzu ne masu fitilar goshi da tarkon wayar birki ba su san su ba. In tsohon ya furta da bakinsa cewa kurmin nan an ɗaga masa ƙafa daga kaka zuwa shuka, ya fi maka allon sanarwa goma.

Sai ka iya karanta ƙasa, kada ka cika littafinka da sawun akuya. Na barewa siriri ne mai tsini a gaba, kofaton a haɗe, kuma yana tafiya a miƙe kamar mai inda za shi. Na akuya mai faɗi ne, bakinsa a dakushe, yana yawo nan da can. Kashin akuya a warwatse yake duk inda ta bi. Namijin barewa kuwa yana da wurin da yake komawa ya yi a tsibi ɗaya, sabo a kan tsoho. In ka samu irin wannan tsibi, ka samu tsakiyar gidansa. Ka fita da sassafe kafin a saki dabbobin gari su tattake.

Maman Ɗalibai ta amsa:

Sannu Malam. Ni 'yar Guri ce, aure ya kawo ni Kano. Duk na karanta, ban ga wanda ya ambaci mata ba, alhali mu ne muke shiga irin wannan kurmi kullum. Itacen girki, magarya, aduwa, kabar tabarma, bagaruwar da ake sayar wa majema. In kuka je kuka sa aka ce an hana shiga, gobe wani mai kaki zai tare tsohuwa da ɗaurin ƙirare ya ce ta biya tara, mai gawayin da ya zo da mota kuma ya wuce. Daga ranar kun yi wa barewar nan abokan gaba a kowane gida.

Ka rubuta a takardar taka ƙarara cewa tsintar busasshen itace da 'ya'yan itatuwa yana nan. Abin da za a hana shi ne sare ɗanye da wuta da farauta. Kuma ka tambayi matan da ke zuwa itace, sun fi ka sanin inda dabbobin suke yini. Ka tura matarka ko ƙanwarka ta tambaye su, ba za su sake da kai ba.

Fulani ma ka zauna da arɗonsu. Gawon nan da barewa ke ci, shi ne abincin shanunsu da bazara, su ne ke hawa su sassare rassan. In kurmin ya zama gonar alkama su ma sun yi asara, to ka ga kuna da abin da ya haɗa ku.

Malamin Firamare ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Na ɗan yi shiru ne don ina son in dawo da abin faɗa.

Na bi shawarar ɗan'uwana na Tudun Wada, na fara da tsohon maharbin garinmu, wanda idonsa ya yi rauni yanzu amma kansa garau. Da na nuna masa hoton sama a waya bai gane komai ba, ya ce in ajiye. Ya sa aka share ƙofar zaurensa, ya ɗauki sanda ya ja kurmin a ƙasa, ya sa jikansa ya kawo toka aka zuba a matsayin fadama, ya jera ƙwallon goruba a inda manyan gawo suke. Kafin a jima mutane sun taru, kowa yana gyara masa, wannan ya ce ai tsamiyar nan ta faɗi tun ambaliyar 2022, wancan ya ce burtalin ba nan ya bi ba. Ƙanwata ta kawo nata daga wajen mata, Hajiya kin yi gaskiya, su suka nuna wata duhuwar magarya a gabas da ba ta cikin lissafina sam. Na ɗauki hoton zanen ƙasar, daga baya na bi shi da waya alama bayan alama. Makwanci da mashaya ban bari an zana a gaban jama'a ba, wannan mu biyu muka yi da tsohon bayan la'asar.

A nan ne ya gaya mini abin da ya canza mini lissafi. Ya ce da can barewa tana da mashaya barkatai a bakin fadamar. Tun da aka datse ruwa a Tiga a 1974 da Challawa a 1992 tafiyar ruwan ta sauya, wani wuri ya bushe, wani wuri ruwa ya zauna shekara cur, kachalla, doguwar ciyawar nan ta ruwa, ta samu wurin zama ta toshe bakin ruwan. Dabba ba ta iya kutsawa cikinta, in ban da jan-baki da ke kwana a ciki ya fito ya cinye mana shinkafa. Inda kachalla ba ta rufe ba kuma mun kewaye da garake. Abin da ya rage musu hanya ɗaya ce, wani ɗan lungu tsakanin garka biyu da ke gangarawa zuwa wani gurbi mai ruwa har watan Afrilu. Na je da asuba na duba, ga sawun nan siriri mai tsini, shiga da fita, a kan laka.

Garka ɗaya ta kawuna ce. Ɗayar tawa ce. Kuma wayar shinge tana jingine a ɗakina yanzu haka, na saya da kuɗin tattasan bara, niyyarmu da kawu mu haɗe garakan biyu mu rufe lungun saboda awakin gari da ke bi ta nan suna yi mana ɓarna. Ina ta hangen mai mota daga birni, ashe maƙurar da Ɗalibi ya ambata a hannuna take.

Na yi wa kawu maganar. Bai ce a'a ba, bai ce e ba, ya ce barewa ba ta taɓa biya masa kuɗin taki ba. Ina ganin zai yarda in ni na bayar da filin lungun daga ɓangarena, wato in ja shingena baya. Zan rasa kamar kunya huɗu na tattasai. Na auna, zan iya ɗauka.

Dagaci mun je da tsohon da arɗo. Ya saurara, ya ce maganar yanka kurmi ba ta zo gabansa a hukumance ba tukuna, mu rubuto, zai sa hannu ya tura wa hakimi, kwafi kuma ya tafi ƙaramar hukuma. Na sa sharaɗin mata a sakin layi na farko. Mun kuma yi maganar share layi kewaye da kurmin bayan girbi mai zuwa don tare wuta, matasan ƙungiyar gari sun ce za su yi in an ba su abinci.

Yanzu tambayar da ta rage ta shinge ce. Faɗin nawa zan bar wa lungun? Kuma akwai irin shingen da zai bar barewa ta wuce ya tare akuya?

Ɗalibin Gandun Daji ya amsa:

Malam, na biyun babu. A Wayomin suna ɗaga wayar ƙasa kamar santimita 45 su sa marar ƙaya don dabbar ta ratsa ta ƙarƙashi, amma shanu suke tarewa. Duk ramin da barewa za ta bi, akuya ma za ta bi. Don haka kada ka nemi shingen da za ta ratsa, ka kewaye kowace garka da kanta, sosai, ka bar lungun a buɗe gaba da baya. Faɗi kuwa gwargwadon abin da za ka iya bayarwa, in ya kai taku ashirin ya fi goma, domin dabba mai tsoro ba ta son inda ba ta da wurin juyawa. In da hali gefen lungun ka yi shi da ƙaya ko ka dasa bini-da-zugu, wayar ta koma sauran ɓangarorin. Barewar da kare ya koro da dare ba ta ganin waya. Injin ban ruwanka kuma ka matsar da shi can ɗaya ƙarshen garkar.

Jikan Sarkin Baka ya amsa:

Ƙari ɗaya, Allah ya gafarta Malam. Lungu mai hanya ɗaya shi ne wurin da mai tarko ya fi so a duniya. Tunda kullum kana wucewa ta nan da asuba, ka riƙa duba gindin ƙayar da sanda, hagu da dama, musamman ranar jajiberin kasuwa. In ka samu waya kada ka yi cigiya, ka kwance ta ka kai wa tsohon. Daga irin ƙullin zai gane hannun wanda ya ɗana.